Jagorar Sayayya ta Intanet Mai Sauƙaƙa wa Muhalli

Sayayya ta intanet a ƙasar Hausa tana bin hanyoyi uku. Akwai manyan kantunan cikin gida irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, da dandalin Jiji inda mai kaya da mai saye ke haɗuwa kai tsaye. Akwai kantunan ƙetare, wato AliExpress da Shein da kuma Temu, wanda ya shigo kasuwar Najeriya a ƙarshen 2024, kuma akasarin kayansu daga ƙasar Sin suke tasowa. Sai hanya ta uku, wadda ta fi shiga lungu da saƙo: 'yan kasuwa da matan aure masu tallar atamfa, turaren wuta, takalma, kilishi da kayan kicin a WhatsApp, Instagram, Facebook da TikTok, a tura kuɗi ta banki, a kai saƙo tasha a danƙa wa direba. Kowace hanya akwai nauyin da take ɗora wa ƙasa da ruwa da iska, kuma mai saye yana iya rage wannan nauyi sosai idan ya san inda ya fi taruwa.

Inda nauyin ya fi taruwa

Idan saƙo ya iso, abin da ido ke fara gani shi ne kwali da leda, shi ya sa ake ɗauka su ne babbar matsala. A yawancin kaya lissafin ba haka yake ba. Kaso mafi tsoka na ɓarnar ya riga ya auku tun kafin a ɗauki hoton kayan a ɗora a intanet, wato lokacin haƙo ma'adinai, noman auduga, narka ƙarfe da gudanar da masana'anta. Rahotannin da kamfanonin ƙera waya ke fitarwa da kansu sun nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na iskar kabon da wayar zamani ke jawowa a tsawon rayuwarta daga ƙerawa yake fitowa, cajin da ake yi mata na shekaru kuwa kaɗan ne a kansa. Sinadarin kobalt da ke cikin batirinta, kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake. Rigar auduga guda mai gajeren hannu an ƙiyasta tana cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Yadin poliyesta kuma daga ɗanyen man fetur ake samar da shi.

Bayan ƙerawa sai sufuri, musamman idan jirgin sama ya shigo ciki. Sai ƙunshi, sai kuma makomar kayan idan sun tashi aiki. Wutar da waya da rumbunan kwamfuta ke ci wajen yin oda ɗaya ba ta kai a tsaya a kanta ba idan aka gwama da waɗannan. Wannan jeri shi ke nuna inda ya kamata a sa ƙarfi: wanda ya adana kwali da kyau amma yake canza waya duk shekara, gyaran da ya yi ƙarami ne.

Ana yawan tambaya ko sayen intanet ya fi zuwa kasuwa sauƙi ga muhalli. Amsar ta danganta da yadda mutum zai je kasuwar. Mota ɗaya da ta zagaya unguwa ta sauke saƙon gida arba'in ta fi a ce kowane gida ya tayar da motarsa zuwa kanti. Amma wanda zai taka da ƙafa zuwa shagon bakin layi, ko ya shiga A Daidaita Sahu tare da wasu fasinjoji, ya fi wanda aka tayar wa babur tun daga wancan gefen gari don kawo masa abu ɗaya.

Kafin a danna oda

An tsara manhajojin sayayya ne don su hana mutum dogon tunani. Agogon da ke ƙirga daƙiƙun da suka rage kafin ragi ya ƙare, rubutun da ke cewa saura guda uku, alƙawarin kawo kaya kyauta idan an kai wani adadin kuɗi, da saƙonnin da ke faɗowa waya da tsakar dare, duk aikinsu ɗaya ne. Garaɓasar watan Nuwamba, wadda aka aro daga Amurka, ita ce ƙololuwar wannan dabara. Maganinta mai sauƙi ne. A saka kayan a kwandon manhaja a bar su kwana biyu. Da yawa daga cikinsu sha'awarsu kan gushe kafin lokacin. A kashe sanarwar manhajar. A rubuta abin da ake bukata tun kafin a buɗe ta, kamar yadda ake rubuta cefane. Kada a ƙara kayan da ba a bukata don kawai a kai adadin da za a yafe kuɗin kawowa, domin kuɗin ƙarin kayan sau da yawa ya fi kuɗin da aka yafe.

A cikin kwana biyun nan ne ake duba sauran hanyoyi. Wataƙila akwai irin kayan a gida, gyara kawai yake bukata. Wataƙila abu ne na amfanin rana ɗaya, irin kujeru da manyan tukwanen biki ko injin huda bango, wanda haya ko aro ya wadatar. Wataƙila kuma na hannu zai biya bukata. Sayen na hannu shi ne hanya mafi tasiri bayan haƙura da saye gaba ɗaya, saboda ba a ƙera sabo dominsa ba. Al'adar gwanjo da musayar waya ta daɗe a Kano da Kaduna da Maraɗi, intanet faɗaɗa ta kawai ya yi. Sharaɗinsa shi ne a ga kayan ido da ido a wuri mai jama'a, a gwada, sannan a biya.

Kayan ɗakin amarya sun cancanci a tsaya a kansu, domin nan ne sayayyar intanet ta fi yin ɓarna a cikin gidaje. Hotuna da bidiyon jere suna sa iyaye tara na'urorin lantarki iri-iri, na gasa burodi, na suya da iska mai zafi, na matse lemo, na dafa shinkafa, ba tare da an duba ko gidan da za a kai yarinyar yana samun wutar da za ta ɗauke su ba. Na'urar suya ko butar lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 2,000, abin da ƙaramin janareta ko sola ta gida ba sa iya ɗauka. Sai kayan su shekara a kwali a saman kabad, robarsu ta bushe, garantinsu ya ƙare. An haƙo ƙarfe, an ƙona mai, an ƙetare teku, kuma ba a ci moriyar komai ba. Tukwane masu kauri, murhun gas mai kyau da injin markaɗe guda mai ƙarko sun fi wa amarya amfani, sauran kuɗin a riƙe mata su jari.

Zaɓen kaya mai ƙarko

Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma a nan maslahar aljihu da ta muhalli sun zo ɗaya. Matsalar intanet ita ce ba a taɓa kaya da hannu, don haka rubutun bayani ne ke maye gurbin taɓawa. A karanta abin da aka yi kayan da shi, nauyinsa, tsawo da faɗinsa, ƙarfin wutar da yake ci, da tsawon garanti. Mai kayan da ya cika shafi da hotuna amma ya ɓoye waɗannan bayanai, a yi hattara da shi. Wajen sharhin waɗanda suka riga suka saya, masu ƙorafi sun fi masu yabo amfani, haka ma waɗanda suka ɗora hoton da suka ɗauka da kansu, da waɗanda suka dawo suka yi rubutu bayan watanni suna amfani da kayan.

Kayan lantarki suna da tarkon da ke mayar da sabon abu shara a rana ɗaya. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120 ce. Na'urar da aka ƙera don Amurka kaɗai, da an jona ta za ta ƙone. A duba jikin bayanin a ga an rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240. Bakin fulogi ma ya bambanta: Najeriya na amfani da mai ƙafa uku irin na Ingila, Nijar kuma an fi samun mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa.

Game da waya, tambaya biyu ce ke nuna tsawon ranta. Shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin ci gaba da sabunta manhajarta? Kuma ana samun gilashinta da batirinta a wajen masu gyara na kusa? Kiran mai gyara ɗaya a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya isa a san amsar ta biyu. Wayar da ba a san irinta a kasuwa ba, ranar da gilashinta ya fashe ranar ta mutu. Tun daga ƙarshen Disamban 2024 Tarayyar Turai ta wajabta bakin caji na USB-C ga sababbin wayoyi, kuma yawancin kamfanoni sun koma kansa a ko'ina. Wanda yake da caja mai kyau irin wannan ba ya bukatar sabuwa duk lokacin da ya sayi na'ura. Caja da wayar caji da abin sauraro na kunne masu arhar banza su ne suka fi cika bola cikin kayan lantarki, domin wata ɗaya ko biyu suke yi, kuma caja marar inganci tana kashe batirin waya. Batirin ajiyar caji da aka rubuta masa ƙarfi mai yawan gaske alhali ba shi da nauyi a hannu kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, rubutun ƙarya ne.

A fitilar sola da fanka mai caji, a nemi wadda ake iya buɗewa a canza mata batir. Batirin litiyam yana jure caji da saukewa sau da yawa fiye da batirin dalma, don haka ko da ya fi tsada, ya fi daɗewa. Ƙwan fitila na LED yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka na wutar da tsohon ƙwai mai zare ke ci.

Tufafi da takalma su ne kayan da aka fi yin kuskuren awo a kansu. Lambar girma ta kantunan Sin takan yi ƙasa da wadda aka saba da ita, don haka harafin girma ba abin dogaro ba ne. A je wajen tela a ɗauki awon ƙirji, kafaɗa, ƙugu da tsawo da santimita, a ajiye a waya, a riƙa gwadawa da jadawalin awon mai kaya. Ƙafa kuma a taka takarda a zana, a auna daga diddige zuwa babban yatsa. Yadin roba ba ya shan gumi, a zafin watan Afrilu sau ɗaya ake sa shi a jefar, kuma duk wankin da aka yi masa yana sakin ƙananan zaruruwan roba cikin ruwa. Yadi mai kyau da aka kai wa tela yana da fifikon da rigar kanti ba ta da shi: an ɗinka shi daidai jiki, ana iya buɗe shi ko rage shi, kuma kuɗin ɗinki ya zauna a unguwa.

Abinci, magani da kayan shafa, a Najeriya a nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a biya. Wasu mayukan sauya launin fata da ake tallatawa a intanet suna ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, sannan ta bi ruwan wanka ta shiga ƙasa da rafi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 an ƙulla ta ne don rage yaɗuwar wannan guba.

Akwai kuma tallar da ke fakewa da muhalli. Hoton koren ganye a jikin kwali ba hujja ba ce. Alamomin da ake iya bin diddiginsu su ne irin FSC a kayan katako da takarda, GOTS a auduga, da Energy Star a wasu na'urori, domin akwai masu binciken da ke bayansu. Ledar da aka ce tana ruɓewa ma kashi-kashi ce. Wata farfashewa kawai take yi ta zama ƙananan ɓarɓashin roba da ba a iya tsincewa, wata kuma ba ta ruɓewa sai a masana'antar takin da ke da zafi na musamman. Ƙarin kuɗin da wasu kantuna ke karɓa da sunan dasa itace don biyan diyyar hayaƙi ba laifi ba ne, amma bai goge hayaƙin da ya riga ya fita ba.

Nisa da hanyar da kaya ke biyowa

Jirgin sama yana fitar da iskar kabon ninki goma-goma a kan jirgin ruwa idan suka ɗauki kaya masu nauyi ɗaya zuwa nisa ɗaya. Ƙaramin saƙon da ya taso daga Sin ya iso Kano ko Abuja cikin mako ɗaya ko biyu, ta sama ya zo. Abin lura shi ne, sau da yawa irin wannan kaya yana nan jibge a Kantin Kwari, Sabon Gari ko Ƙofar Wambai, ya riga ya shigo cikin kwantena ta tashar Apapa, tirela ta hauro da shi kusan kilomita 1,000 tare da dubban irinsa. Saboda haka a fara neman mai kaya na cikin gari, sannan na cikin ƙasa, kafin a tsallaka teku. Manyan manhajoji suna nuna garin da kaya yake ko suna bambanta na gida da na ƙetare, 'yan kasuwar Instagram kuma tambaya ɗaya ce: kayan yana hannu, ko sai an yi odarsa?

Idan babu makawa sai daga ƙetare, masu jigilar kaya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin suna ba da zaɓi biyu, ta sama ko ta ruwa. Ta ruwa tana ɗaukar wata biyu ko fiye, amma ta fi arha nesa ba kusa ba. Kayan lefe, kayan sallah da kayan makaranta duk an san lokacinsu tun da wuri, gaggawar da ke sa a ɗora su a jirgin sama rashin shiri ne kawai. 'Yan uwa ko maƙwabta suna iya haɗa odarsu a kwali ɗaya.

Intanet ya buɗe wa masu sana'ar hannu kasuwar da ba su da ita a da: takalman fata na Kano, rinin Ƙofar Mata, huluna, kayan fata na Damagaram, azurfar Agadas, zuma, man shanu da kilishi. Sayen waɗannan yana gajarta tafiya, kuma kayan ana iya gyara su a inda aka yi su. Sai dai zama na gida bai wanke kaya daga laifi ba. Ruwan da masana'antun jima ke fitarwa a Chalawa da Sharaɗa tsohuwar matsala ce ga kogunan Kano, gawayin da ake talla buhu-buhu kuma daji aka sare aka samo shi. Abin da ya kamata a ƙaurace masa gaba ɗaya shi ne namun daji da sassan jikinsu, irin hauren giwa, ɓawon dankunya, fatar damisa da aku mai ruwan toka, wanda yarjejeniyar CITES ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe tun 2017.

Zangon ƙarshe, daga sito zuwa ƙofar gida, shi ne inda halin mai saye ya fi tasiri. Oda biyar a rana biyar tafiya biyar ce da ƙunshi biyar; a tara su a yi sau ɗaya. Zaɓin kawowa cikin gaggawa yana sa a tayar da babur ko mota ba ta cika ba, na yau da kullum kuwa yana ba kamfani damar haɗa saƙonnin unguwa ɗaya. Inda akwai wurin karɓar saƙo a kan hanyar aiki ko kasuwa, shi ya fi. Aike ta tasha, duk da ana raina shi, yana cikin hanyoyi mafi sauƙi ga muhalli, domin motar da ma za ta yi tafiyar da fasinjojinta.

Tafiyar da ta fi kowace zama asara ita ce wadda ɗan aike ya zo bai sami mai saƙo ba. Unguwanni da yawa ba su da lambar gida, saboda haka a rubuta kwatance cikakke, da sunan masallaci, makaranta ko gidan man da ke kusa, a tura alamar wuri ta taswirar waya, a ba da lamba ta biyu, a bar waya a kunne. Tsarin biya idan kaya ya iso ya taimaka wajen gina amana, amma ya haifar da mummunar ɗabi'a ta yin oda don gwaji, kaya ya taso daga Legas, sannan a ƙi ɗaga waya. Wannan zalunci ne ga ɗan aike da mai kaya, kuma man da aka ƙona zuwa da komawa ya tafi a banza. Wanda ya fasa, ya soke odar tun kafin ta bar sito.

Odar dafaffen abinci tana zuwa da tarin roba: mazubi, cokali, leda biyu ko uku. Mai cin abinci a gida ko ofis yana iya cewa kada a sako cokali da tsinken shan lemo, kuma masu abincin unguwa da aka saba da su sukan yarda a aika musu da kula.

Mayar da kaya

Duk kayan da aka mayar ya yi tafiya biyu, kuma ba lallai ya koma kanti ba. A ƙasashen Turai lalata kayan da aka mayar ko suka yi kwantai ya yi yawan da Faransa ta kafa doka a 2020 ta hana shi. Al'adar sayen riga kala uku don a zaɓi ɗaya a mayar da biyu ba abin koyi ba ce. Rigakafin shi ne a tambaya tun farko: a nemi bidiyon kayan a hasken rana, a nemi awo, idan yadi ne a tambayi tsawonsa. Wannan bai hana mayar da kaya mai aibi ko na jabu ba. Haƙƙin mai saye ne, hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafi a kansa a Najeriya, kuma mayarwar tana hana mai kaya ci gaba da shigo da tarkace. Abin da lafiyarsa ƙalau amma bai yi wa mai shi daidai ba, musamman na ƙetare, sayar da shi ko bayar da shi a cikin gari ya fi sake ɗora shi a hanya.

Kwali da leda

Yadda aka buɗe saƙo shi ke nuna ko ƙunshinsa zai sake amfani. A yanka salatif da reza a bi layinsa, kada a yage kwalin. Kwalin waya, talabijin da sauran na'urori a ajiye shi har garanti ya ƙare. Sauran a ba mai shago ko mai sana'ar da ke aika kaya, ko a ninke a tara a wuri busasshe a sayar wa masu saye, domin jiƙaƙƙen kwali ko wanda ya sha mai ba ya sake sarrafuwa. Leda mai kumfar iska tana amfani sau da yawa wajen naɗe kayan fashewa. 'Yan ƙananan ƙunshin ƙwayoyin da ake sakawa cikin takalmi da jaka don tsotse danshi suna da amfani a akwatin tufafi lokacin damina, amma a nisanta su da yara.

Leda ita ce ɓangaren da ya fi yi wa garuruwan Hausa illa kai tsaye. Tana toshe kwata da lambatu, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidaje, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Awaki da tumaki da shanu suna cinye ta a bola, ta dunƙule a tumbinsu, dabba ta rame ta mutu, kuma mahauta sun saba ciro ta dunƙule-dunƙule idan sun yi fiɗa. A gona kuma, takin bola mai haɗe da leda yana hana ruwa da saiwa ratsa ƙasa. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Nijar ta kafa dokar hana leda marar kauri a 2014 ko da yake har yanzu tana cike da kasuwanni, jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na farin soso a Janairun 2024.

Ƙona leda ba mafita ba ce, kuma ɗabi'ar hura gawayi ko itace da ita ta fi kowace muni, domin mai girki da yaron da ke bayanta su ne ke shaƙar hayaƙin a kusa. Robar da ke da sinadarin kulorin, irin wadda ake rufe wayar lantarki da ita, tana fitar da guba mai tsanani idan ta ƙone. Abin yi shi ne a rage karɓarta tun daga tushe, a gaya wa mai kaya kada ya ninka leda, a sake amfani da mai kauri, sauran kuma a ware ta daban da ragowar abinci. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola su ne ainihin masu sake sarrafa shara a waɗannan garuruwa. Roba mai tauri, gorar ruwa, ƙarfe, alminiyom da kwali duk suna da farashi a wajensu, kuma wanda ya ware musu su a buhu a ƙofar gida ya tsare su daga tonon bola da hannu.

Masu sayarwa ma da nasu rabon. Kwali daidai girman kaya yana rage abin cikawa da kuɗin mota. Tsohon kwali mai tsabta, takarda da ƙyallen da ya rage wajen tela suna tokare kaya kamar yadda soso ke yi, sai dai kada a naɗe abinci mai maiƙo da jarida saboda tawada. Ware ranakun aike biyu ko uku a mako yana ba ɗan aike damar haɗa unguwanni a fita ɗaya. Hoto na gaskiya da awo na gaskiya kuma su ne ke hana kaya dawowa.

Idan kaya ya tashi aiki

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. Afirka ta Yamma ta san wannan matsala da idonta. Sharar guba da aka jibge a garin Koko na Najeriya a 1988 tana cikin abin da ya gaggauta yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991. A Agbogbloshie da ke Akara, kafin a rushe wurin a 2021, matasa da yawa daga arewacin Gana sun shekara suna ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin. Kasuwar Kantamanto ta birnin kuma tana karɓar dilolin gwanjo masu yawan da wani kaso nasu ba ya sayuwa, ya ƙare a bola da bakin teku.

Matakin farko shi ne gyara. Canza batir ko bakin caji yana ƙara wa waya shekara ɗaya ko biyu. Wadda ke aiki amma an gaji da ita a sayar, a yi musaya, ko a ba wani, kada a bar ta a durowa har batirinta ya kumbura. Kafin ta bar hannu a kwashe hotuna da lambobi, a cire layi da katin ajiya, a fita daga manhajar banki da asusun imel, sannan a goge ta ta koma yadda ta fito daga kamfani. Wadda ta mutu gaba ɗaya masu gyara suna saye don cire kayan gyara.

Batura suna bukatar kulawa ta daban. Batirin litiyam yana kama wuta idan aka huda shi, aka danne shi ko ya sha zafin rana, don haka ba a jefa shi a shara ko a wuta. A rufe bakinsa da salatif, a ajiye a inuwa cikin gwangwani mai yashi idan ya kumbura, a kai wa masu gyaran waya ko wurin tattara sharar lantarki. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan wannan fanni, kuma akwai ƙungiyar EPRON da kamfanonin kayan lantarki suka kafa don tattarawa. Batirin dalma na inbata da sola yana da kuɗi, dillalai suna karɓar tsoho su rage farashin sabo. Ba a fasa shi a gida, ba a zubar da ruwansa a kwata, domin dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan ce. Doguwar fitila da ƙwan fitila mai lanƙwasa suna ɗauke da zaiba, a naɗe su kada su fashe.

Tufafin da suka yi kaɗan suna da masu bukata a dangi da maƙwabta, kuma a bayar da su tun suna da kyau, a wanke a goge. Zane da babbar riga suna fitar da kayan yara a hannun tela. Wanda ya mutu ya zama tsumman goge-goge ko cikon matashin kai, takalmi da jaka kuma a fara kai su wajen baduku ko mai gyaran takalmi, domin yawanci ɗinki ne ya saki ko zif ya lalace.